Shin Dokar Wata Ƙasa Tana Hawa Kan Kamfanin Da Ba Ya Cikinta?

A ranar 25 ga watan Mayun 2018, mutanen Turai da suka saba karanta jaridar Los Angeles Times ko Chicago Tribune ta intanet sun wayi gari sun tarar an garƙame musu ƙofa. Duk wanda ya leƙa daga Faransa ko Jamus ko Italiya sai ya ci karo da 'yar sanarwa cewa a halin yanzu ba a iya buɗe shafin a yawancin ƙasashen Turai. Babu wata na'ura da ta lalace, kuma 'yan dandatsa ba su kai hari ba. Masu jaridun ne da kansu suka rufe, domin a ranar ce sabuwar dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai, wadda aka fi sani da GDPR, ta fara aiki, su kuwa ba su gama shirin binta ba. Sai suka ga gara su kori masu karatu da su faɗa cikin tara.

To, a nan ne tambayar take, ya kai mai karatu. Ta yaya dokar da aka zauna aka rubuta a birnin Brussels za ta sa jaridar da ke California ta rufe shago? Masu jaridar ba su zaɓi 'yan majalisar Turai ba, ba a Turai suka yi rajista ba, kuma babu ɗan sandan Jamus da ke da ikon taka ofishinsu. Wannan ita ce muhawarar da ake ta yi, kuma ni dai ra'ayina shi ne dokar tana hawa kansu, kuma daidai ne ta hau. Sai dai akwai iyakar da ya kamata ta tsaya, akwai kuma tazara mai nisa tsakanin abin da takarda ta ce da abin da hukuma za ta iya aiwatarwa.

Bari mu fara da abin da dokar ta faɗa, don yawancin masu gardama a kanta ba su karanta ta ba. Sashe na 3 shi ne ya yi bayanin wanda ta shafa. Da farko ta shafi duk kamfanin da ke da reshe ko ofis a cikin Tarayyar, ko da kuwa kwamfutocin da yake tara bayanan suna wata nahiya. Wannan babu mai jayayya a kansa. Inda rigima take shi ne kashi na biyu, wanda ya ce ko kamfani ba shi da ko da tabarma a Turai, dokar ta hau kansa idan yana tallata wa mutanen da ke cikin Tarayyar kaya ko wata hidima, ko da kyauta ce, ko kuma idan yana bibiyar halayensu, wato yana lura da abin da suke dubawa, da inda suke zuwa, da abin da suke saye. Irin wannan kamfani an ce ya naɗa wakili a cikin Tarayyar wanda hukuma za ta riƙa tuntuɓa. Tarar manyan laifuffuka kuwa tana iya kaiwa Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfanin a duk duniya a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu ƙwarai, wato a ce dokar tana bin ɗan ƙasar Turai duk inda ya shiga. Ba haka ba ne. Dokar ba ta duba fasfo, inda mutum yake take dubawa. Ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Berlin yana ƙarƙashin kariyarta muddin yana can, Bajamushen da ke zaune a Abuja kuwa, idan ya shiga wani kanti a Wuse ya bayar da lambar wayarsa, babu ruwan dokar Turai da wannan cinikin.

Masu adawa da wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce asalin doka ita ce kowane sarki da iyakar ƙasarsa. Idan aka yarda Turai ta yi wa kamfanin Amurka doka, gobe Sin za ta yi, jibi Rasha, gata Saudiyya, har a wayi gari ɗan ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar yana ƙarƙashin dokoki kusan ɗari biyu masu cin karo da juna. A shekarun 1990 ma akwai waɗanda suka wuce nan, suna ganin intanet wata sabuwar duniya ce da babu gwamnatin da ke da iko da ita. Wani Ba'amurke mai suna John Perry Barlow har takardar shelar 'yancin kan duniyar intanet ya rubuta a 1996.

Wannan mafarki bai daɗe ba. A shekarar 2000 wasu ƙungiyoyi a Faransa suka kai kamfanin Yahoo ƙara a wata kotun Paris, saboda ana gwanjon kayan tarihin 'yan Nazi a shafinsa, alhali dokar Faransa ta haramta baje irin waɗannan kaya. Yahoo ya ce kwamfutocinsa suna California, tsarin mulkin Amurka ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ma ba shi da hanyar gane wane ne Bafaranshe cikin masu shigowa. Alƙali Jean-Jacques Gomez ya sa ƙwararru suka bincika, suka ce ana iya gane kusan kashi 70 cikin 100 na masu shigowa daga Faransa. Abin da ya ƙara kwance wa kamfanin zani a kasuwa shi ne an lura yana nuna wa masu shigowa daga Faransa tallace-tallace cikin Faransanci. Wato idan batun talla ne ya san Bafaranshe sarai, idan batun doka ne sai ya makance. A watan Nuwamba alƙalin ya ba shi wata uku ya toshe, a farkon 2001 kuma Yahoo ya hana sayar da kayan a shafinsa.

A ganina wannan shari'a ta riga ta amsa rabin tambayarmu. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ke cin kuɗin tallar da aka nuna wa mutumin Lyon, yana tara sunansa da hotonsa da tarihin abin da ya bincika, ba zai juyo ya ce shi baƙo ne a Lyon ba. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa cewa dokar Sarkin Kano kaɗai suka sani ba. Duk garin da ayari ya yada zango, madugu zai je ya gai da sarki, a biya abin da ake biya, a kiyaye abin da garin ya hana. Bambancin kawai shi ne falken yanzu ba ya zuwa da jakuna, ta cikin wayarka yake shigowa har ɗakin kwananka, ya yi cinikinsa ya fita ba wanda ya gan shi. Rashin ganinsa bai sa cinikin ya zama a California aka yi shi ba.

Su kansu masana shari'a sun daɗe da sanin wannan. Tsohon misalin da suke bayarwa shi ne mutum ya tsaya a wannan gefen iyaka ya yi harbi ya sami wani a wancan gefen. Ƙasar da aka yi harbin tana da hurumi, ƙasar da mutum ya faɗi ita ma tana da hurumi. Abin dariyar shi ne Amurka ce ta fi kowa cin moriyar wannan ƙa'ida. Tun a 1945, a shari'ar kamfanin alminiyom na Alcoa, wata kotun Amurka ta ce dokar hana danniya a kasuwa tana kama yarjejeniyar da aka ƙulla a ƙasar waje idan an yi ta da nufin ta shafi kasuwar Amurka kuma ta shafe ta. A 2014 Amurka ta ci bankin Faransa na BNP Paribas tarar kusan Dala biliyan 9 saboda hulɗa da Sudan da Iran da Kuba, ƙasashen da Amurka ce ta sa musu takunkumi. A 2018 kuma, bayan doguwar shari'a da Microsoft kan wasiƙun imel da ke ajiye a Dublin, majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta tilasta wa kamfanonin Amurka miƙa bayanan da hukuma ta nema ta hanyar shari'a ko a wace ƙasa aka ajiye su. Saboda haka idan ka ji ɗan siyasar Amurka yana kukan Turai na miƙa hannu inda bai kamata ba, ka tuna da mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi.

Akwai kuma dalilin da ya sa Turawa suka ɗauki batun da zafi. Jamusawa sun ga abin da gwamnati ke iya yi da jerin sunayen mutane a zamanin Hitler, sun sake gani a Jamus ta Gabas inda hukumar leƙen asiri ta Stasi ta tara bayanan miliyoyin mutane. A wajensu kare bayanan mutum haƙƙi ne na asali, yana cikin kundin haƙƙoƙin Tarayyar. A Amurka kuwa an fi kallonsa a matsayin batun ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma babu wata doka guda ta tarayya da ta game komai, sai dokokin jihohi irin ta California da ta fara aiki a 2020, da dokokin wasu fannoni kamar lafiya da yara. Da Edward Snowden ya tona asirin leƙen asirin hukumomin Amurka a 2013, wani matashin Ostiriya mai suna Max Schrems ya shigar da ƙorafin da ya kai ga babbar kotun Turai ta rushe yarjejeniyar tura bayanai tsakanin Turai da Amurka a 2015, ta sake rushe wadda ta gaje ta a 2020. A kan wannan batu ne hukumar ƙasar Ayilan ta ci Meta, mai Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 a watan Mayun 2023.

Amma fa a lura, Meta da Google suna da manyan ofisoshi a Dublin, suna da ma'aikata da asusun banki a Turai. Kama su ba wuya. Ainihin jarrabawar dokar ita ce kamfanin da ba shi da komai a can, kuma babu misalin da ya kai na Clearview AI.

Wannan kamfani ne na Amurka da ya riƙa kwashe hotunan fuskokin mutane daga shafukan sada zumunta da sauran sassan intanet ba tare da izinin kowa ba, ya haɗa rumbun da ya wuce hotuna biliyan 30, yana sayar wa 'yan sanda da hukumomin tsaro damar sa hoton mutum su gano ko wane ne. Idan ka taɓa sa hotonka a bainar intanet, babu mamaki kana ciki. A 2022 Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 20, Girka ta ci shi miliyan 20, Faransa ma miliyan 20. Da wa'adin da Faransa ta ba shi ya cika bai nuna ya bi umarni ba, sai ta ƙara masa miliyan 5.2 a 2023. A 2024 Holan ta ɗora nata, miliyan 30.5. Amsar kamfanin ba ta canja ba: ba shi da ofis a Turai, ba shi da abokan ciniki a Turai, don haka dokar ba ta hau kansa ba. Hukumar Holan har ta ce tana duba yiwuwar kama shugabannin kamfanin da laifin a kan kansu, wanda alama ce ta cewa tarar kamfani kaɗai ba ta ciwo.

A Birtaniya, wadda ta fice daga Tarayyar a 2020 amma ta riƙe kwafin dokar, abin ya fi ban sha'awa. Hukumarsu ta ci kamfanin tarar Fam miliyan 7.5 a 2022. A 2023 wata kotu ta soke tarar, bisa hujjar cewa abokan cinikin kamfanin hukumomin tsaron ƙasashen waje ne, kuma dokar Birtaniya ba ta da hurumin shiga harkar tsaron wata ƙasa. A watan Oktoban 2025 kotun da ke samanta ta juya wannan hukunci, ta ce aikin kamfanin yana da nasaba da bibiyar mutanen Birtaniya, don haka dokar ta hau kansa. Kotuna biyu na ƙasa ɗaya, doka ɗaya, amsa biyu. Wanda ya ce maka batun nan a fili yake kamar rana, bai bi shari'ar ba.

Darasin da na ɗauka daga Clearview shi ne tambayar nan gida biyu ce, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai ko dokar ta hau kanka, akwai kuma ko za a iya kama ka. Amsar ta farko tana cikin takarda. Amsar ta biyu tana ga abin da kake da shi a ƙasar da ta yi dokar. Kotunan ƙasashe, bisa tsohuwar al'ada, ba sa karɓar wa wata gwamnati tarar da ta yanke, saboda haka hukumar Italiya ba za ta aika takarda New York a kwashe mata kuɗi daga asusun kamfani ba. Abin da Turai take da shi shi ne kasuwar mutane kusan miliyan 450 masu kuɗin kashewa. Kamfanin da ke son wannan kasuwa zai bi, wanda ya haƙura da ita zai iya toshe kunne. Ko a haka ma tarar ba ta tashi a banza ba, don ta rufe wa Clearview ƙofar ciniki a Turai, kuma hukumar Holan ta gargaɗi duk wanda ya yi amfani da hidimarsa cewa shi ma zai sha tara.

Yanzu sai iyakar da na ambata. A 2014 babbar kotun Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani mutumin Sifen da ya gaji da ganin tsohuwar sanarwar gwanjon gidansa, wadda jaridar La Vanguardia ta buga a 1998 saboda bashi, tana fitowa duk lokacin da aka rubuta sunansa a Google, alhali an daɗe da warware bashin. Kotu ta ce yana da haƙƙin a cire wannan daga sakamakon bincike, kuma Google na Amurka ba zai ɓuya a bayan cewa reshensa na Sifen talla kawai yake sayarwa ba. Wannan daidai ne. Sai hukumar Faransa ta ce a'a, cirewar ba a Turai kaɗai za ta tsaya ba, sai an cire a duk duniya, har ta ci Google tarar Yuro 100,000 a 2016 kan ƙin yin haka. A watan Satumban 2019 babbar kotun ta ce dokar Tarayyar ba ta tilasta cirewa a duk duniya ba, a cire a ƙasashen Tarayyar, a kuma ɗauki matakin hana masu bincike daga can kaiwa gare shi.

Ina tare da kotun a nan ɗari bisa ɗari. Faransa tana da ikon kare mutumin da ke Faransa, amma ba ta da ikon yanke wa mai bincike a Kano ko Akara abin da zai gani. Da an ba ta wannan dama, da wace hujja za a hana wata gwamnatin kama-karya ta ce a goge labarin kisan da ta yi daga idon duniya baki ɗaya? Kuma wannan tsoro ba na banza ba ne, don sunan kare bayanan 'yan ƙasa riga ce da kowa ke iya sawa. Rasha ta yi dokar da ta fara aiki a 2015 cewa dole a ajiye bayanan Rashawa a kwamfutocin da ke cikin Rasha, a 2016 ta toshe LinkedIn saboda ƙin bi. Bayanan da aka ajiye a gida sun fi sauƙin isa ga jami'an tsaron gida, wannan kowa ya sani. Don haka ni ma'aunina shi ne a duba wa dokar take karewa. Idan ta ba mutum ikon tambayar kamfani me ya tara a kansa, ya sa a gyara ko a goge, kuma akwai kotu mai zaman kanta da kamfanin zai iya kai kuka, to ta cancanci ta tsallaka iyaka. Idan kuwa gwamnati take buɗe wa taga ta leƙa wayoyin jama'a, to wannan wani abu ne daban ko da an lulluɓe shi da suna mai daɗi.

Ko muna so ko ba ma so dai, salon Turai ya bazu. Dokar Brazil da ta fara aiki a 2020, da ta Sin ta 2021, da ta Indiya ta 2023, duk suna da sashen da ya kama kamfanin waje mai hulɗa da mutanensu. Nijeriya ma ta bi sahu. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta ce ta hau kan wanda ba ya zaune a Nijeriya muddin yana sarrafa bayanan mutumin da ke cikin Nijeriya. Wato mu ma mun miƙa namu hannun zuwa ƙetare, don haka ba mu da bakin cewa Turai ta yi zarra.

Kuma an gwada. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, bayan binciken wata 38 da ta yi tare da hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ci Meta tarar Dala miliyan 220. Cikin zarge-zargen har da cewa kamfanin yana yi wa 'yan Nijeriya abin da ba ya yi wa mutanen wasu ƙasashe masu irin wannan doka, wanda a wajena shi ne ya fi ciwo. A watan Afrilun 2025 kotun sauraron ƙarar harkokin gasa da masu saye ta tabbatar da tarar. Ita ma NDPC ta ɗora tata ta Dala miliyan 32.8 a farkon 2025. Sai Meta ya faɗa a takardun kotu cewa mai yiwuwa ya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Hankalin masu sayar da kaya ta waɗannan shafuka ya tashi, FCCPC ta mayar da martanin cewa ficewa ba ta wanke laifi. Ba a rufe ba, kuma a ƙarshen 2025 aka sasanta rigimar NDPC a wajen kotu.

Irin wannan barazana ba a kanmu aka fara ta ba, don a 2022 Meta ya rubuta wa masu hannun jarinsa cewa rikicin tura bayanai na iya hana shi gudanar da Facebook da Instagram a Turai, kuma bai tafi ba. Sai dai mu yi wa kanmu adalci wajen lissafi. Cinikin Meta a 2024 ya haura Dala biliyan 164, wato Dala miliyan 220 kusan cinikin rabin yini ne a wajensa. Abin da ya dame shi ya fi ƙarfin kuɗin, sharuɗɗan ne, da kuma tsoron kada sauran ƙasashe su ga an yi su ma su yi. Mu kuma rauninmu shi ne muna da yawan mutane amma kuɗin tallar da ake samu a kan kowane mutum ɗaya bai kai na Bature ba, kuma dubban matasa da mata abincinsu yana kan waɗannan shafuka. Mun ga abin da ya faru da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kan wani dalili na siyasa da ba shi da alaƙa da sirrin kowa. Gwamnati ta ce kamfanin ya yarda ya yi rajista ya naɗa wakili ya biya haraji, amma ƙananan 'yan kasuwa ne suka kwana da asarar wata bakwai. Toshewa sanda ce da take fara dukan na gida.

To, ina matsayin ƙaramin ɗan kasuwarmu a cikin wannan duka? A ce wata Hajiya a Kano tana sayar da turaren wuta da humra da atamfa ta Instagram. Wata rana wata 'yar Nijeriya da ke aure a Jamus ta ga shafin ta yi oda. Shin Hajiya ta faɗa ƙarƙashin dokar Turai? Bayanin da ke gaban dokar ya ce don kawai ana iya buɗe shafinka daga Turai bai isa hujja ba. Ana duba niyya ne. Idan Hajiya ta fara rubuta farashi da Yuro, tana shelar cewa tana aikawa Jamus da Faransa da Italiya, tana biyan kuɗin talla don a nuna wa matan da ke can, to ta shiga kasuwarsu da ƙafarta, kuma a takarda dokar ta hau kanta. A zahiri kuwa, hukumomin da suke fama da Clearview ba su da lokacin neman mai humra a Kantin Kwari. Duk wanda ya zo yana tsorata irin su Hajiya da tarar Yuro miliyan 20 don ya sayar musu da wata takardar shaida, a yi hattara da shi.

Inda abin ke cizo da gaske shi ne ga masu yi wa kamfanonin Turai aiki, kamar masu rubuta manhaja, da masu amsa kiran abokan ciniki, da masu shigar da bayanai. Su ba hukuma ce za ta zo musu ba, kamfanin da ya ba su aikin ne zai ɗora musu sharuɗɗan a cikin kwantiragi, don shi doka ta hana shi fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar da ba a amince da kariyarta ba sai da irin wannan alkawari. Wanda bai iya cikawa ba, aikin ya wuce shi. Ta wannan hanya dokar Brussels take isa Legas da Nairobi ba tare da ɗan sanda ko ɗaya ba.

Abin da dokar ke nema ma, idan aka cire turancin lauyoyi, ba baƙo ba ne a wajenmu: kada ka karɓi bayanin da ba ka buƙata, ka faɗa wa mutum abin da za ka yi da shi, kada ka ba wani ba da saninsa ba, ka goge idan ya nema, idan an sace kuma ka sanar da hukuma cikin awa 72. Amana ke nan. Kuma kafin mu damu da dokar Turai, tamu ta gida ta fi kusa da wuyanmu. Marubuciyar da ke sayar da littafinta ta WhatsApp tana riƙe da lambobin ɗaruruwan mata da sunayensu da shaidar biyan kuɗinsu. Sau nawa muka ga an ɗauki hoton shaidar biya, da cikakken suna da lambar asusu, an watsa a zaure don a nuna ana ciniki? Sau nawa aka kwashi lambobin masu karatu aka ba mai tallar maganin mata? Ga kuma manhajojin bayar da bashi da suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, har sai da hukumomi suka sa baki, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa jerin lambobin waya a 2023. Abin lura a nan, ƙa'idar da kamfani ɗaya a California ya sa a kantinsa ta yi saurin aiki fiye da takardun gargaɗi da yawa.

Turai ta sami abin da ta samu ne saboda ƙasashe 27 suna magana da doka ɗaya, kamfani ba zai iya ficewa daga Beljiyam ya bar Jamus ba tare da lissafi mai tsada ba. Mu kuwa kowa tasa ta fishshe shi. Gana tana da dokarta tun 2012, Nijar ta yi tata a 2017, Nijeriya sai 2023 ta sami cikakkiyar doka ta majalisa, kowace da hukumarta da sharuɗɗanta, kuma kowace ita kaɗai take fuskantar kamfanin da cinikinsa na shekara ya ninka kasafin kuɗinta. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai tun a 2014, ana buƙatar ƙasashe 15 kacal su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma ba a cika wannan adadi ba sai a 2023.